Wa ya ji ƙarar daren jiya? Batun jirgin nan mai juya injinansa

Bawa_Nima: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah mutanen Nima, Mamobi da New Town a nan Accra, wa ya ji ƙarar jirgin da ya wuce daren jiya wajen ƙarfe ɗaya da rabi? An ɗauke wuta, zafi ya koro ni saman bene da tabarmata, ina cikin korar sauro sai na ji ta. Ba irin ƙarar jirgin fasinja ba ce, ba kuma ta helikwaftan sojojinmu da muka saba ji ba. Wani dum-dum-dum ne mai nauyi, ƙirjinka zai ji shi kafin kunnenka. Na yi maza na buɗe Flightradar24, manhajar nan mai nuna jiragen da ke sama a kan taswira, babu komai a sama sai jirgin fasinja guda ɗaya can wajen teku. Ni dai na ce Osprey ne, jirgin Amurkan nan mai tashi kamar helikwafta sannan ya kwantar da farfelarsa ya miƙe kamar jirgin sama. Tambayata ita ce, in irinsa ya taso daga Turai zuwa nan, ta yaya mutum zai bi sawunsa a waya? Ko sam ba a ganinsu?

Hajiya_Fadama: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka tabbata ba janaretan maƙwabta ba ne? Namu in ya tashi har kwanukan kicin rawa suke yi.

Bawa_Nima: Haba Hajiya, janareta a sama?

ƊanAsawase: Mutanen Accra ke nan. Kome kuka ji sai ku ce Amurka ce. Mu nan Kumasi ko gwangwani ne ya faɗo daga sama sai mun duba mun gani kafin mu sa masa suna.

KawuSule_Mamobi: Ni ban ji ba, na sha magani na yi barci da wuri. Amma abin da yaron nan ya kwatanta na san shi, don idona ya ga jiragen a nan Ankara, wato Accra. Shekara ashirin da biyu na yi ina aikin lodi a filin jirgi. A 2015, wajen watan Maris zuwa Afrilu, sojojin Marin na Amurka sun sauka da su, ba ɗaya ba ba biyu ba, suka yi kwanaki a ɓangaren sojojin sama. Ranar da na fara ganin ɗaya yana saukowa na ajiye abin da ke hannuna. Daga nesa ka ce jirgin kaya ne mai farfela biyu, sai dai farfelar ta yi masa girma, kamar yaro ya sa takalmin ubansa. Da ya matso sai na ga injinan da ke bakin fukafukan suna ɗagowa a hankali, a hankali, har suka miƙe tsaye suna kallon sama. Wani abokin aikina mutumin Bawku ya riƙe mini hannu yana salati, ya ɗauka fiffiken ne ya karye. Iskar da yake bugowa ƙasa kuwa, duk wata leda da ƙura da ke wurin sai da ta tashi. Ƙarar tana canzawa ne, shi ya sa ba ta ɓoyuwa. In injinan suna tsaye hayaniya ce mai tsaga kunne, in sun kwanta sai ta koma wani gurnani can ƙasa-ƙasa. Bawa, wanne ka ji?

Bawa_Nima: Gurnanin na ji, Kawu. Wallahi yadda ka faɗa.

Rakiya_Legon: Kawu ya yi daidai a kan 2015. Waɗancan daga Moron suka taso, wani sansani a kudancin Sifen kusa da Sebiya. Bayan harin da aka kai wa ofishin jakadancin Amurka a Bengazi a watan Satumbar 2012 ne suka kafa wata runduna ta musamman a can, wadda aikinta a lokacin shi ne ta isa duk wani ofishinsu na Afirka cikin gaggawa. A Afrilun 2013 Osprey shida suka tsallako Tekun Atilantika daga Arewacin Karolina zuwa Moron da fukafukansu, tare da jiragen da ke ba su mai a sama. A Oktoban 2014 huɗu daga irinsu suka je Laberiya lokacin Ebola, suka bi ta Dakar. Amma yaya Bawa, gurnani kaɗai ba hujja ba ce. C-295 na sojojinmu ma farfela biyu gare shi, kuma da dare in gari ya yi tsit kowace ƙara girma take yi.

Injiniya_Aboabo: To bari in shigo, tunda an zo fagena. Bawa, abin da kake gani a wayarka ba na'urar rada ba ce, duk da sunan manhajar. Jirgin ne da kansa yake shelar inda yake. Akwai wata na'ura a cikinsa da ke karɓar wurin da yake daga tauraron ɗan'adam, sai ta riƙa watsa shi a kan zangon rediyo na megahaz 1090, kusan sau biyu kowace daƙiƙa: ga lambata, ga tsayina, ga gudu na, ga inda na dosa. Sunan tsarin ADS-B. A ƙasa kuma akwai mutane irina masu eriya a saman gida, muna kama saƙon muna turawa ta intanet, su kuma kamfanonin su haɗa su zana maka taswira. Ka ga ke nan abu uku ne za su hana ka ganin jirgi. Ko matuƙin ya kashe na'urar, wanda soja yana da damar yi in aiki ya kama. Ko yana watsawa amma babu eriyar da ta ji shi. Ko kuma an ji shi sarai amma manhajar ta ɓoye, don Flightradar24 suna ɓoye jirage da yawa in masu su suka nema. In jiragen soja kake son gani, ADS-B Exchange za ka buɗe, su ba sa tacewa. Akwai maɓallin da za ka danna ya bar maka na soja kawai.

Bawa_Nima: Na buɗe shi yanzu. Turai cike take kamar kasuwar Nima ranar Laraba, Afirka ta Yamma kuwa fayau.

Injiniya_Aboabo: Matsalar ke nan, ƙanena. Ba jirage ne babu ba, masu eriya ne babu. A Jamus ko Ingila kusan kowane gari akwai mai ita. Daga nan zuwa Agadas kuwa ka ƙirga mu da yatsu. Kuma akwai wata dabara da ake yi wa jirgin da ba ya faɗin inda yake amma yana amsa kiran hasumiya: in eriya huɗu ko fiye suka ji shi lokaci guda, sai a auna bambancin lokacin da saƙon ya isa wa kowacce, a lissafo wurinsa. Jiragen soja da yawa ta haka ake kama su a Turai. A nan ina za ka samu eriya huɗu da za su ji jirgi ɗaya?

ƊanAsawase: Injiniya, wannan goran da ka kafa a saman gidanku mai gwangwanin madara a kai, ashe aikinsa ke nan? Ni na ɗauka maganin mayu ne.

Injiniya_Aboabo: Shi ne. Gwangwanin da ka raina da shi nake ganin jirgin da ke saman Abijan. Na huda gindinsa na sa soket ɗin wayar talabijin, na tsayar da wayar tagulla a tsakiya. Tsawonta santimita 6.9, kar ta ƙaru kar ta ragu. Na farko da na yanka na yi da ido, na ce ai duk ɗaya ne, kwana uku ina zagin na'urar ashe laifina ne. Daga nan waya ta sauko ɗaki zuwa wata 'yar na'ura kamar filashi mai kama saƙon rediyo, RTL-SDR, ita kuma a jikin Raspberry Pi, kwamfutar da ba ta fi tafin hannu ba. Babban abokin gabana ɗauke wuta ne, sai kuma tsawa. Damina biyu da suka wuce tsawa ta ƙone mini guda, har yau uwargida tana yi mini gori a kan kuɗin.

Musa_Ingila: Sannunku da gida. Ni kam ba labari nake ji ba, inda nake aikin sito bai fi tafiyar minti ashirin da Mildenhol a nan Ingila ba, sansanin da na sojojin saman Amurka suke, wato CV-22. Na Marin su ne MV-22, na sojojin ruwa masu kai kaya kan manyan jiragen ruwan yaƙi CMV-22. Duk jirgi ɗaya ne, kayan ciki ne suka bambanta. Bawa, abin da zan ƙara maka shi ne, ko a nan inda eriya ta yi yawa, sau da yawa zan ga biyu da idona suna bin juna, in duba waya in ga ɗaya. Al'adarsu ce in suna tafiya a jere na gaba kaɗai ke kunna na'urar. To in ka ga ɗigo ɗaya a taswira kar ka rantse jirgi ɗaya ne.

Rakiya_Legon: Wannan batun na yaya Musa shi ne asirin abin. Masu bin sawun nan ba Osprey suke nema ba, mai ba shi mai suke nema. Da kaya a cikinsa abin da zai iya ci ba tare da ya sha mai ba bai wuce kimanin kilomita 1,600 ba. Daga Sebiya zuwa Dakar kaɗai ya haura 2,500, daga Dakar zuwa nan kuma ya haura 2,000. Dole ne ko ya yi ta yada zango, ko a shayar da shi a sama. Na Marin da KC-130J suke tafiya, wato Hakulis mai farfela huɗu. Yakan saki wani dogon tiyo daga ƙarƙashin fiffike mai kwando a bakinsa, shi kuma Osprey yana da wani bututu a hanci da yake zurawa cikin kwandon, duk suna cikin gudu. To in ka ga Hakulis na Marin ya taso daga Sifen ya nufo kudu, yana tafiya ƙasa-ƙasa da tsayin da ya saba, ka san da wuya a ce shi kaɗai ne.

Bawa_Nima: Me ya sa ƙasa-ƙasa?

Rakiya_Legon: Saboda cikin Osprey ba a matse iska kamar na jirgin fasinja. Zai iya hawa har ƙafa 25,000, amma in da mutane a baya ba a cika wuce wajen 10,000 da su ba sai da iskar shaƙa. Mai shayarwa kuma dole ya sauko inda mai sha yake.

Injiniya_Aboabo: Kuma wannan ya ƙara mana wahala. Saƙon nan miƙe yake tafiya, ba ya lanƙwasa ya bi doron ƙasa. Jirgin fasinja da ke ƙafa 35,000 zan iya jin sa daga kilomita ɗari huɗu in babu dutse ko gini a tsakani. Wanda ke ƙafa 10,000 kuwa da kyar ya wuce ɗari biyu da 'yan kai. Wato in Osprey na saman Accra, ni a Kumasi a bakin iyakata yake. In ya sauko zai sauka, shi ke nan na rasa shi.

Malam_Tanko59: Ku kuna ta lissafin santimita, babu wanda ya tambayi abin da ya kamata a tambaya. Me jirgin yaƙin wata ƙasa yake yi a saman Nima ƙarfe ɗaya na dare? Mun fita zanga-zanga a Maris ɗin 2018 lokacin da majalisa ta amince da yarjejeniyar tsaro da Amurka, ni da ƙafata na taka daga Circle, shataletalen Kwame Nkrumah. Aka ce mana dala miliyan 20 za su zuba wa sojojinmu, su kuma a ba su damar amfani da wurare a filin jirgi. Shugaban ƙasa na lokacin, Akufo-Addo, ya fito a talabijin ya ce babu maganar sansani. To yanzu da Nijar ta sallame su a 2024, suka bar Yamai suka bar Agadas, ina kuke tsammani za su nufa? Ruwa ba ya tsami banza.

ƊanAsawase: Malam, ba a ma tabbatar jirgin ne ba ka riga ka gina masa sansani.

Malam_Tanko59: Kai yaro ne. Lokacin da muke karanta takardar yarjejeniyar kana makarantar allo.

ƊanAsawase: A 2018 ina da 'ya'ya biyu, Malam.

Sarkin_Gida: Jama'a a sassauta. Siyasa tana da zaurenta. Bawa tambayar bin sawun jirgi ya yi.

TsohonSoja_Madina: Sarkin gida, ka bar ni in ce wani abu tunda ya shafi lafiyar yaran nan. Shekara ashirin da biyar na yi da kaki. Jirgin sojan wata ƙasa ba ya shigowa sararin Ghana haka kawai, sai an nemi izini ta ofishin jakadanci, kuma hasumiya tana magana da shi tun daga nesa. Don wayarka ba ta gan shi ba, ba shi ke nuna hukuma ba ta san da shi ba. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, duba taswira a ɗakinka daban, ɗaukar waya ka je jikin katangar sansanin sojojin sama ko Burma Camp, hedikwatar sojojinmu, kana hoto daban. Kar wani ya karanta hirar nan gobe ya tafi neman Osprey da kyamara. Wanda zai tare ka a ƙofa bai san wani ADS-B ba, kuma ba zai tsaya ka koya masa ba.

Bawa_Nima: Na ji, Baba. Ni daga saman benenmu ba inda za ni.

Ɗan_Konni: Salamu alaikum. Ni baƙo ne a cikinku, albasa nake kawowa daga Nijar, amma abin da kuke magana ya faru a ƙofar gidanmu. Ƙarshen Oktoban 2020 aka sace wani Ba'amurke a Masalata, ƙauye ne dab da Birnin Konni, aka tsallaka da shi Najeriya. Kwana kaɗan, daren 31 ga wata, sojojin Amurka suka dira suka ƙwato shi. Ina gida lokacin. Da safe kowa da labarinsa a tasha, wani ya ce ya ji jirgi, wani ya ce aljanu ne. Daga baya ɗan ƙanwata da ke karatu a Yamai ya nuna mini a waya cewa wasu Turawa a intanet sun ga jiragen tun suna barin Sifen, kafin ma a sanar. Na ce ikon Allah, mu da abin ya faru a bayan gidanmu ba mu sani ba, wani yana kwance a ɗakinsa a Turai ya sani.

Musa_Ingila: Na tuna wannan sarai, Alhaji. Na nan Mildenhol ne suka tafi, suka bi ta Rota a Sifen. Kuma ka ga abin da Rakiya ta faɗa, jiragen dakon man ne suka fi tona asirin. A tafiyar har mai shayarwa sai da aka shayar da shi: manyan KC-135 suna ba MC-130 mai, su kuma MC-130 suna ba Osprey. Mutum ya ga jiragen dakon mai sun yi jerin gwano sun nufi Sahara da dare, ai ya san ba biki za su ba. Da suka nutsa cikin hamada kuma sai ɗigon ya ɓace, ba don komai ba sai don babu mai eriya a can.

Hajiya_Fadama: To ni abin da ban gane ba, in har kowane mai waya zai iya ganinsu, ina sirrin sojan yake? Ba sai ɓarayin ma su duba su gudu ba?

TsohonSoja_Madina: Hajiya, abin da suka ga dama shi kuke gani. A sararin Turai inda jiragen fasinja suka cika, dole su kunna don kar a yi karo. In an kusa wurin aiki a kashe. Wani lokaci ma da gangan ake barin ta a kunne don wanda ake so ya gani ya gani.

Rakiya_Legon: Kuma ba kullum suke tashi da kansu ba, wannan ma yana rikita masu bin sawu. Jirgin yana naɗe farfelarsa, fiffiken gaba ɗaya ya juya ya kwanta a tsawon bayansa, cikin kamar minti ɗaya da rabi ya koma kamar akwati. Sha biyun farko da aka kai Japan a Yulin 2012 a jirgin ruwan dakon kaya aka sauke su a Iwakuni. Wasu kuma suna zuwa a kan jirgin ruwan yaƙi, su taso daga teku. To irin wannan in ya shigo Accra daga kudu, babu wani sawu daga Sifen da za ka bi. Amma in sun tashi da kansu tafiyar abin kallo ce. A 2017 huɗu sun tashi daga Hawai har Darwin a Ostareliya, suna yada zango a tsibirai irin su Wek da Guwam.

KawuSule_Mamobi: 'Yata, wannan naɗewar ban gan ta ba, namu a buɗe suke kwana. Amma na lura da abu guda, ban taɓa ganin ya taɓa ƙasa da farfela a kwance ba.

Rakiya_Legon: Ba zai iya ba, Kawu. Faɗin kowace farfela ya kai mita goma sha ɗaya da rabi. In tana kallon gaba yana ƙasa, sai ta sari kwalta. Ko zai yi gudu a titi kafin ya tashi sai ya ɗan ɗaga injinan.

Amina_Tafo: Ni duk wannan bai dame ni ba, tsoro nake ji. Ba shi ne wanda yake yawan faɗuwa ba? In zai riƙa bi ta saman gidajen mutane a Nima, inda ko allura ka jefa a kan mutum za ta sauka, ai abin dubawa ne.

Musa_Ingila: Yana da tarihi, ba a ɓoye ba. Tun yana gwaji, a Afrilun 2000 ɗaya ya faɗi a Arizona mutum 19 suka mutu. A 2022 an yi biyu, Nowe mutum huɗu, Kalifoniya mutum biyar. A 2023 Ostareliya mutum uku, sai na Japan ranar 29 ga Nuwamba wanda ya ci mutum takwas. Bayan wannan ne aka dakatar da su duka daga farkon Disamba har Maris ɗin 2024. Wata ukun nan unguwarmu shiru, har muka riƙa jin kamar an rasa wani abu. Na Japan ɗin wani haƙori ne ya farfashe a cikin giyar da ke juya farfela.

Injiniya_Aboabo: Wurin da wahalar take ke nan. Akwai sandar ƙarfe da ta ratsa cikin fiffike ta haɗa farfelar biyu, don in inji ɗaya ya mutu ɗayan ya juya duka. Mutuwar inji da sauƙi. Amma in giyar gefe ɗaya ce ta tafi, babu abin da ɗaya gefen zai yi mata.

ƊanAsawase: Allah ya kiyaye. Mu nan ba mu manta da 6 ga Agustan 2025 ba, helikwaftan sojojinmu da ya taso daga Accra zai je Obuasi ya faɗi a dajin Adansi. Mutum takwas, har da ministan tsaro Omane Boamah da ministan muhalli Alhaji Ibrahim Murtala Muhammed. Sanarwar farko da aka yi cewa aka yi ya ɓace daga rada. Tun ranar in na ji ƙarar farfela sai na ɗaga kai.

Hajiya_Fadama: Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri.

KawuSule_Mamobi: Amin ya Allah.

Malam_Tanko59: Amin. Amma ina nan a kan bakata. Kuma ku lura, hirar nan da kanta ta ba ni gaskiya. Ɗan Konni ya ce Bature a ɗakinsa ya riga su sanin abin da ke sararin garinsu. Mu sai dai mu ji gurnani mu yi ta musu ko janareta ne. In kowane zango daga nan zuwa Tamale da Bawku akwai mai gwangwani irin na Injiniya, da ba sai mun jira wani ya gaya mana ba.

ƊanAsawase: Yau kam na yarda da Malam. A rubuta ranar.

TsohonSoja_Madina: Ku dai ku san abin da za ku riƙa yaɗawa. Jirgin fasinja ku yi ta kallo. Amma in kun ga na sojojinmu ya nufi arewa wajen iyakar Burkina, ba dole ne sai kun buga a Facebook ba. 'Ya'yan wasu ne a ciki.

Injiniya_Aboabo: Wannan gaskiya ne Baba, ni ma ba na yi. Bawa, na koma na duba abin da na'urata ta adana na daren jiya. Daga sha biyu da minti arba'in zuwa uku da kwata babu komai, don mu ma an ɗauke mana wuta kuma batirin ya mutu. Ka ga ba zan iya cewa e ba, ba zan iya cewa a'a ba. Abin da za ka yi nan gaba, in ka ji ƙara, rubuta lokacin daidai da minti, da inda ta fito da inda ta nufa. Sannan ka buɗe taswirar ka duba lambar jirgi. Kowane jirgi yana da lamba mai harufa da alƙaluma shida, na sojan Amurka galibi da AE suke farawa. Sunan kira kar ka dogara da shi, suna canza shi kamar riga. Kuma kar ka tsaya a saman Accra kaɗai, ja taswirar ka duba Rota, Moron, tsibiran Kanari da Dakar na kwana ɗaya ko biyu baya. In akwai Hakulis mai AE da ya ɓace a kudu da Kanari, to biri ya yi kama da mutum.

Bawa_Nima: Na duba na kwana biyu baya. Akwai wani mai AE da ya tashi daga Rota, amma gabas ya yi, wajen Italiya.

Rakiya_Legon: To ba naka ba ne.

Bawa_Nima: Amma dai na ji abin da na ji.

Zainabu_NewTown: Yanzu na shigo, ban karanta duka ba. Ni ma na ji wajen ƙarfe ɗaya da wani abu, ina ba yaro nono. Har tagar ɗaki ta yi kaɗawa. Maigida ya ce helikwafta ne, ya juya ya ci gaba da barcinsa.

ƊanAsawase: Shaida biyu ke nan, ɗaya ya ce Osprey ɗaya ta ce helikwafta. Saura mai janareta.

Hajiya_Fadama: Ina nan, ban janye ba.

KawuSule_Mamobi: Zainabu, ƙarar ta tsaya wuri ɗaya ne tana fat-fat-fat, ko ta zo ta wuce da sauri? Helikwafta yana daɗewa a kunne. Wancan kuwa in injinansa sun kwanta gudunsa ya kusa ninka na helikwafta, kafin ka miƙe tsaye ya yi nisa.

Zainabu_NewTown: Wallahi Kawu ban lura ba, yaron yana ta kuka.

Bawa_Nima: Injiniya, nawa zan tanada in haɗa irin naka? Benenmu hawa uku ne, babu abin da ya tare shi ta gefen filin jirgi. Kuma ina da tsohon batirin mota a shago.

Injiniya_Aboabo: In kana da batiri ka gama rabin aiki. Ina da RTL-SDR guda da ba na amfani da ita, zan ba direban motar Kumasi ya kawo maka ranar Asabar, ka karɓa a Circle. Kwamfutar kai za ka nema, ko tsohuwar laftof ma ta isa a fara. Ka samo wayar talabijin mai kyau, kar ta wuce mita biyar, in ta yi tsawo saƙon a hanya yake mutuwa. Gwangwani kuma ka wanke shi, na farkon da na sa tururuwa ce ta cika shi. Idan taka ta tashi mun zama biyu, saura biyu a samu lissafin nan na eriya huɗu. Akwai wani a Koforidua ko Takoradi a gidan nan?

Sani_Takoradi: Ina jin ku tun ɗazu. Gidan haya nake, sai na tambayi mai gida ko zai bari a kafa gora a rufinsa. Santimita nawa ka ce wayar tagullar?

Injiniya_Aboabo: 6.9. Da ruler za ka auna, ba da ido ba.